Yadda Na Kai Shanu Arba'in Ingila a Cikin Akwati

Tun ranar da na dawo ban sha shayi da zafinsa ba a majalisarmu ta bakin kara, kasuwar shanu. Da na ɗaga kofi sai wani ya ce, Sale, wai da gaske ne ka kai shanu Ingila? Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma na lura duk sanda na maimaita shi shanun ƙaruwa suke yi. Ranar Juma'ar da ta wuce na ji bakina yana cewa ɗari uku. Shi ya sa na ce bari in rubuta tun adadin bai fi ƙarfina ba. Arba'in ne. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni da shayina.

Ƙanena Habibu, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa ashirin da biyu a Manchester yana tuƙa bas. Muna yara a Wudil shi ne gwanin gina shanun laka a bakin kogi. Nawa kullum sun fi girma, nasa kullum sun fi kama da shanu. Ni na girma na zama dillalin shanu na gaske, shi kuwa ashe wasan bai sake shi ba. A can ya shiga wata ƙungiya ta dattawa masu tara 'yan sojojin dalma, kowane bai wuce gaɓar yatsa ba, su yi musu fenti, su jera a tebur, su sake buga yaƙe-yaƙen da aka gama tun kafin a haifi kakan kakanmu. Kuma ba kowane zamani ba, sai zamanin dogon mashi da bindigar toka, irin wadda in ka harba sau ɗaya sai ka roƙi abokin gaba ya jira ka ɗura.

Duk shekara suna zaɓar yaƙi ɗaya su kai babban baje-koli a Birmingham. Shekara tara Habibu yana yi wa yaƙin wasu fenti. Bana ya ce zai gabatar da nasa, wato yaƙin Tondibi, inda 'yan bindigar Maroko suka tsallako sahara suka haɗu da rundunar Songhai kusa da Gao, sama da shekara ɗari huɗu da suka wuce. Mutanen Songhai sun koro garken shanu a gaba don su tattake 'yan bindiga, ƙarar harbi ta firgita shanun, suka juyo kan masu su. Habibu ya shekara biyu yana fentin rundunonin biyu. Shanu kawai suka rage, don na shagunan can ba tozo, ƙahon kuma kamar na tunkiya. Da ya aiko mini da takardar gayyata sai ya haɗo da saƙon murya: in sa maƙeri ya zuba masa shanu arba'in na dalma, tsayin kowane kada ya wuce rabin sandar ashana. Har sau uku ya maimaita.

Na je wajen Malam Audu maƙeri da ashanata. Ya zuba ɗaya na gwaji, na ɗora a tafin hannu, sai kunya ta kama ni. Wannan abin kamar ƙudan zuma zan ɗauka in tsallake ƙasashe in ce wa ƙanena ga tsaraba? A gaban Turawa? Su ce gidan su Habibu ba a ƙoshi? Ko mai tumatir in ka saya tana yi maka gyara, balle ɗan'uwa. Na ce Malam Audu ya cika ashanar, ya ɗan ɗora. Ya ce ƙahon fa? Na ce ya sake hannu.

Daga Kano muka yada zango a Addis Ababa, inda na yi awa biyar ina gadin akwati kamar mai jego. Nauyinsa kuwa, wanda ya taya ni ɗagawa a Kano har yau bai miƙe sosai ba. A Manchester wata jami'ar kwastam ta ga abin a na'ura ta ce in buɗe. Kowane sa na naɗe shi a cikin safa. Ta zare na farko, ta zare na biyu, a na bakwai ta kira abokin aikinta. Suka tambaya ko kayan tarihi ne, na ce satin jiya aka sauke su daga wuta. Ganin sun tsaya kallo sai sana'a ta motsa, na fara nuna musu wanne ne bunaji, wanne ne rahaji, wanne bokolo. Ina cikin bayanin tozo ta ce ya isa, in wuce. Ni ne mutum na farko da aka kora cikin Ingila don a huta da shi.

Zainab, 'yar Habibu ta fari, ita ta ɗauko ni a motarta. A can aka haife ta, tana aiki a wajen GP, wato likitan unguwa, Hausarta kuma tana tafiya ne da sandar Turanci. Ta ce, “Baffa, Daddy bai yi barci ba for two weeks saboda cows ɗin nan.” Gidansu a Withington yake, irin dogayen gidajen nan masu haɗe da juna, waɗanda in maƙwabci ya yi atishawa kai za ka yi masa addu'a. Ɗakin da aka sauke ni, in na miƙe hannu biyu ina taɓa bango da bango, kuma kun san ni ba dogo ba ne. Rabin ɗakin sojoji ne a kan kanta. Na kwana ƙarƙashin gadin mutum ɗari shida, ba wanda ya yi mini sannu da zuwa.

Sai da muka ci tuwo muka gaisa sosai sannan na jawo akwati. Na zare safa, na dasa bijimin farko a tebur kusa da wani ɗan mashin Songhai. Hular sojan ba ta kai cikin san ba. Da zai bi ta ƙarƙashinsa ko sunkuyawa ba zai yi ba.

Habibu ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Yaya, rabin ashana na ce.”

Na ce ai gyara na yi masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauki san ya juya shi, ya ce aikin ya yi kyau, ya mayar cikin safa. Kwana biyu suka rage ƙungiyarsu ta zaɓi yaƙin bana, babu lokacin sake wasu. Haka ya zauna ya yi musu fenti, fari da ja, ba ya ce mini komai sai miƙo wancan.

Ranar Laraba da yamma Zainab ta kai mu Hulme, wani zauren unguwa da ƙaramar hukuma ke ba su aro. Su shida ne har da Habibu. Shugabansu Graham, dogo, siriri, tsohon malamin lissafi, da rula a aljihun gaba inda mutanen kirki ke sa biro. Sai Margaret, tsohuwar nas, ita ke zana tutoci kuma ita ke riƙe da gwangwanin biskit, saboda haka ita ce mai mulkin gaskiya. Aka ba ni shayi wanda aka nuna wa madara daga nesa.

Na zaci zaɓen yaƙi shi ne a duba wanda aka fi jarumta. Ashe ba haka ba ne. Su abin da suke nema, yaƙin da kowane ɓangare zai iya ci, don ba wanda zai zauna awa uku ana dukansa saboda littafi ya ce haka aka yi. Kuma dole ya shiga tebur ɗaya, a gama shi kafin shayin la'asar. Wani ya kawo yaƙin da ke buƙatar dawaki dubu, aka ce wa zai yi fentin. Graham ya kawo Edgehill, wani yaƙin basasarsu tsakanin sarki da majalisa, wanda aka wuni ana yi aka tashi ba kare bin damo. Sau uku suna kai shi Birmingham. Ni a ganina yaƙin da masu shi ma ba su san wanda ya ci ba, a bar shi ya huta.

Habibu ya tashi ya jera nasa. Graham ya ce matsalar Tondibi ita ce bindiga ce za ta ci kullum. Habibu ya ce a'a, shanu ne za su raba gardama: in an yi harbin farko sai mai Songhai ya jefa ɗan ludo, in biyar ko shida ta fito garke ya wuce gaba ya afka wa 'yan bindiga, in ƙasa da haka ya juyo gida. Na ga kawuna suna gyaɗawa. Sai aka ce a fito da shanun.

Shirun da aka yi, har na ji biskit yana narkewa a kofin Margaret. Graham ya zaro rula.

Na ga ƙanena zai nutse, sai na shiga. Na ce ai shanunmu haka suke, na ciro waya na nuna hotona a kara tsaye kusa da wani rahaji, tozonsa ya wuce hulata. Graham ya duba hoton da kyau, ya nemi izini cikin ladabi, ya kawo tef ya auna ni. Ni, Sale, mai 'ya'ya bakwai, aka jingina ni da bango aka auna. Ya yi lissafi a bayan ambulan, ya ce ko da an yi la'akari da cewa ni gajere ne ƙwarai, shanun nan sun ninka yadda ya kamata. Ƙarya ta ƙare. Na ce Zainab ta fassara musu gaskiya: laifina ne, a garinmu ba a ba wanda ake so abu daidai ma'auni.

Aka kaɗa ƙuri'a, uku da uku. Margaret ce ta yanke. Ta ce a tafi da akwati biyu. Ranar Asabar a shimfiɗa Tondibi tun da safe. In baƙi huɗu suka zauna suka buga kafin sha biyun rana, ya zauna har a tashi. In ba haka ba a naɗe shi a jera Edgehill, kuma a dokarsu yaƙin da aka naɗe ba a sake kawo shi.

A hanyar gida na ce wa Habibu ai wasa ne, kada ya sa a ransa. Ya ce, “Shekara tara ina fentin kakannin wasu, Yaya. Sau ɗaya nake so wani ya tsaya a teburinmu ya tambaye ni ina ne Gao.” 

Ranar Juma'a bayan masallaci muka kama hanyar Birmingham, Zainab na tuƙi, Habibu a gaba, ni a baya da shanu a cinya. Hanya shimfiɗe kamar tabarma, amma ba rai. Awa biyu ba mai gyaɗa, ba mai rake, ba wanda ya leƙo ta taga ya ce a sayi ƙwai. Tumaki na kiwo su kaɗai a kan tudu ba makiyayi, na ce lallai ɓarayin ƙasar nan ba su da kishin sana'a. Shanunsu kuwa manya ne, amma baya a shafe kamar benci, ban ga inda mutum zai dafa ya yi ciniki ba. Muka tsaya a wata tasha, na'ura ta ba ni shayi ba sallama ba godiya. Duk sanda na waiga sai in hango motar Graham a bayanmu da akwatin Edgehill, tana bin mu kamar ungulu ta ga ramammiyar saniya.

A Edgbaston muka sauka gidan Hajiya Ramatu, 'yar zangon Kumasi, ƙawar matar Habibu, mijinta na aiki a babban asibitin unguwar. Mace ce mai jiki da murya, in ta yi maka sannu da zuwa sai ka ji kamar an biya maka Makka. Ta kawo wake da shinkafa irin nasu, da taliya a kai, da ƙwai, da wani baƙin yaji wai shito. Na ɗibi yajin irin ɗibar mutumin Wudil, na kai baki. Na ga kakata da ta rasu tun ina goye, muka gaisa, na dawo. Hajiya ta sa aka buɗe mata shanun, ta tambaya ko caca ce, Habibu ya rantse ko sisi ba a sawa. Ta ce to gobe za ta kawo mana abincin rana, don ba za ta bar baƙinta su ci burodi mai sanyi ba.

Wurin baje-kolin wani makeken zauren wasanni ne, tebura sun fi rumfunan kasuwarmu. Mutane dubu, amma hayaniyar ba ta kai ta awaki uku ba. Kowa na tafe a hankali da jaka a baya. Abin da na fara lura da shi, duk wanda ya zo tebur sai ya haɗe hannuwansa a baya ya sunkuya, kamar mai duba mara lafiya. Zainab ta ce babbar doka ce, ba a taɓa sojan wani, don mashi ɗaya in ya karye aikin sati ne.

Teburinmu ya yi kyau, ba yabon kai ba. Rairayi, kogi shuɗi a gefe, 'yan bindiga a jere, ga shanuna a tsakiya kamar an saki giwaye a makarantar allo. Mutane na zuwa, su sunkuya, su dubi shanu, su dubi sojoji, su ce abin sha'awa, su wuce. Zainab ta raɗa mini cewa in Bature ya faɗi haka, bai saya ba ke nan. Goma ta wuce. Sha ɗaya ta wuce. Kujeru huɗu ba kowa. Habibu na ta gyara wata tuta da ba ta karkace ba. Sha ɗaya da kwata na ga Graham ya jawo akwatin Edgehill da ƙafa, a hankali, don kada a ce ya yi gaggawa.

Nan na tuɓe kwat ɗin aron da aka ba ni. Habibu ya gane, ya ce, “Yaya, don Allah, nan ba kara ba ce.” Na ce ko'ina aka tara dabba da mutane kara ce.

Shekara talatin ina dillanci, kuma abu ɗaya na sani: ba a kiran taro, mutum ɗaya ake kamawa, a sa masa igiya a hannu. Wanda ya riƙe igiya ya yi rabin saye. Na hango wani ƙato mai gemu har ƙirji, hannuwa duk zane, ya sunkuya da hannu a baya. Na zagaya, na kamo hannun, na buɗe tafin, na dasa masa jan bijimi. Mutumin ya daskare kamar na ba shi jariri. Margaret ta rufe baki. Na ce da Turancina na kasuwa, riƙe, ba ya karyewa, maƙerin garinmu ne ya yi. Don ya yarda na ɗauki wani na sake shi a ƙasa. Ƙarar ta sa rabin zauren ya waigo. San ya tashi lafiya, daɓen ne ban duba ba.

Ƙaton ya jinjina nauyin, ya yi murmushi, ya tambaya me shanu ke yi a fagen yaƙi. Na nuna Habibu na ce ga mai su. Ƙaton ya ja kujera ya zauna. Wasu tsofaffi mata da miji suka matso, na ba kowa sa ɗaya, na gaya wa matar nata bunaji ne, mai haƙuri amma ba ya mantuwa. Suka zauna. Uku. Daga nan kasuwa ta tsaya cik. Mutane sun taru suna karɓar shanu suna jinjinawa, amma kowa na cewa wani ya zauna, shi zai kalla. Saura minti goma. Graham ya duba agogo, ya dube ni.

Sai ga Hajiya Ramatu ta ratso taro da kular abinci, tana ba mutane sannu da Hausa ko sun ji ko ba su ji ba. Na tare ta, na karɓi kular, na sa mata bijimi a hannu. Ta ce ita abinci ta kawo. Na ce Hajiya, mutuncin ƙanena ne a kujerar nan. Ta dubi Habibu, ta gyara mayafi, ta zauna. Kowa ya juya ga Graham. Ya yi tunani irin na alƙali, ya ce ba 'yar ƙungiya ba ce, saboda haka baƙuwa ce, huɗu sun cika. Ya mayar da Edgehill ƙarƙashin tebur da ƙafar da ya jawo shi.

Hajiya da ƙaton suka riƙe Songhai, tsofaffin suka riƙe Maroko, Graham na ba su shawara. Aka auna, aka matsa, 'yan bindiga suka yi harbin farko. Habibu ya miƙa wa Hajiya ɗan ludo ya yi mata bayani. Ta ce ita tun tana budurwa ba a cin ta a ludo. Ta yi bismilla ta jefa. Shida.

Jama'a, na ga shanu sun yi ɓarna a gonar mutane, amma ban taɓa jin daɗin ɓarna irin ta ranar ba. Garke ya bi ta kan 'yan bindigar nan, Habibu na kwashe su ɗaya ɗaya da ladabi, taron da ba ya magana ya ɓarke da ihu. Abin da ya gagari Songhai shekara ɗari huɗu, Hajiya ta gama shi kafin abinci ya huce. Graham ya ce a tarihi ba haka aka yi ba. Hajiya ta ce a gaya masa lokacin ba ta nan.

Sau huɗu aka buga kafin a tashi, Maroko ta ci biyu, har Graham ya yarda yaƙin ya daidaita. Ni dai abin da na riƙe shi ne, wajen la'asar na ji tsohon nan yana tambayar Habibu ina ne Gao. Habibu ya ciro taswirar da ya shekara biyu yana yawo da ita a jaka, ya shimfiɗa. Na juya na shiga neman wani abu a cikin kular Hajiya, don yajin nan yana sa ido ruwa ko daga nesa.

Shanu talatin da tara suka koma Manchester. Ɗaya Graham ya roƙa, wai zai danne takardu da shi.

Ranar da zan taho, a filin jirgi, Habibu ya sa mini wani abu a aljihu. Rula ce, sabuwa, an ja jan layi a kanta. Ya ce rundunar Maroko na buƙatar raƙuma ashirin na ɗaukar kaya. Ya riƙe hannuna ya ce, “Yaya, ka ga layin nan. Ban da gyara.” Na ce haba, sai ka ce yaro.

Shekaranjiya na je wajen Malam Audu, na ajiye masa rular, na nuna masa layin, na ce ko gashi ɗaya kada ya wuce. Ya zuba na gwaji ya ɗora mini a tafin hannu. Muka dube shi, ni da shi, muka daɗe. Ya ce, Sale, haka za a kai wa mutane raƙumi?

Na ce ƙafafu da wuya a bi rula sak, amana ce. Tozon dai, ya ɗan sake hannu.